Kuɗin Tsare Daji Daga Baitulmali Ya Kamata Su Fito

Duk lokacin da kuɗin shigar gwamnati suka ja baya, aka zauna domin a duba inda za a zaftare a kasafin kuɗi, da wuya muhawara ta yi nisa kafin alƙalami ya sauka a kan kason gandun daji da namun dawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Malaman makaranta suna da ƙungiya, likitoci suna iya tafiya yajin aiki, 'yan kwangila sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa, amma giwa ba ta zanga-zanga, ungulu ba ta kaɗa ƙuri'a, fadamar da aka cike da ƙasa kuwa ba ta da wakili a majalisa. Saboda haka ake yanke kason hankali kwance, a bar wa masu ba da agaji daga ƙetare da masu yawon buɗe ido ɗawainiyar abin da ya saura. A ganina wannan kuskure ne na lissafi, tun kafin a zo maganar tausayi ko ta ƙawa. Tsare dazuzzuka da fadamu da koguna da tekuna, tare da halittun da ke rayuwa a cikinsu, aikin hukuma ne kamar samar da ruwan sha da gyaran hanya, kuma kuɗinsa ya kamata su riƙa fitowa daga baitulmali kowace shekara, ana cikin wadata ko ana cikin matsi.

Mutumin da yake ganin yara ba makaranta, asibiti ba magani, yana da haƙƙin ya tambayi dalilin da zai sa a ɗauki harajinsa a kashe wa biri da tsuntsu. Tambaya ce mai nauyi, kuma masu son namun daji sukan ɓata amsarta da hotunan zakuna da ɗawisu, kamar kyawun halitta kaɗai ya isa hujja a gaban mai jin yunwa. Amsar da ta fi gamsar da ni tana cikin labarin wani tsuntsu da ba a cika ɗaukar hotonsa don sha'awa ba.

Har zuwa ƙarshen shekarun 1980, ungulaye miliyoyi masu yawa ne suke shawagi a sararin samaniyar Indiya, ƙasar da ke da ɗimbin shanu waɗanda akasarinsu ba a yanka su, sai dai su mutu don kansu a yar da mushen. Ungulaye ne suke cinye mushen cikin ƙanƙanin lokaci, babu wanda ya taɓa biyansu, babu kuma wanda ya taɓa rubuta aikinsu a littafin lissafin wata hukuma. A farkon shekarun 1990 wani maganin rage zafin ciwo mai suna diclofenac ya yi araha, makiyaya da likitocin dabbobi suka rungume shi, ba tare da kowa ya san cewa ungulun da ta ci naman dabbar da aka yi wa allurarsa ƙodarta takan lalace ta mutu cikin kwanaki ba. Cikin shekara goma da 'yan kai, wasu nau'o'in ungulu uku suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili da bakin ruwa, karnukan da ba su da masu su suka samu abinci suka hayayyafa, cizon kare da ciwon haukan kare suka ƙaru, ruwan sha ya gurɓace. Sai a shekarar 2004 masu bincike suka tabbatar da musabbabin, aka haramta amfani da maganin ga dabbobi a Indiya da Pakistan da Nepal a 2006. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun wallafa nazari a 2024 inda suka ƙiyasta cewa ɓacewar ungulayen ta jawo ƙarin mutuwar mutane kusan rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005. Ana iya yin gardama a kan adadin, kamar yadda ake yi a kan kowane ƙiyasi, amma ko an raba shi gida biyu, asarar ta fi ƙarfin abin da za a kashe wajen ƙidayar tsuntsaye a kai a kai da gwada magani kafin a sake shi kasuwa. Yau ana kiwon ungulaye a cibiyoyi na musamman domin a mayar da su daji, aiki mai tsada da jinkiri, domin ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara.

Abin lura a wannan labari shi ne babu wani ɗan kasuwa da zai iya sayar da aikin ungulu, domin amfaninsa yana isa ga kowa, wanda ya biya da wanda bai biya ba. Duk abin da yake da wannan siffa, kowa yakan jira wani ya ɗauki nauyinsa, har a wayi gari babu shi. Don irin waɗannan abubuwa aka ƙirƙiri haraji tun asali: tsaron iyaka, kotuna, rigakafin annoba, madatsar ambaliya. Ƙudan zuma da sauran ƙwarin da ke yawo tsakanin furanni suna cikin wannan sahu, domin kwamitin masana na duniya kan halittu, IPBES, ya nuna a 2016 cewa kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in amfanin gonar da ake ci a duniya suna dogara da su ko yaya. Haka dazuzzukan bakin teku masu karya ƙarfin guguwa, da fadamun da ke shanye ruwan damina su riƙa sakinsa sannu a hankali da rani.

Birnin New York ya yi wannan lissafi da alƙaluma a shekarun 1990. Ruwan da miliyoyin mazaunansa suke sha yana gangarowa ne daga tsaunukan Catskill, kuma da ingancinsa ya fara raguwa, sai aka fuskanci zaɓi biyu: ko a gina katafariyar matatar ruwa da aka ƙiyasta za ta ci dala biliyan 6 ko fiye, ban da kuɗin gudanarwa na kowace shekara, ko a kare dajin da ruwan ke fitowa daga cikinsa. A yarjejeniyar 1997 aka zaɓi na biyu, aka sayi filaye, aka biya manoma su nisanta dabbobinsu daga rafuka, aka gyara magudanun ƙazanta na ƙauyuka, a kan kuɗin da bai kai rabin na matatar ba. Ba masu kishin tsuntsaye ne suka yanke wannan shawara ba, masu riƙe da asusun birni ne.

Akwai kuma amfanin da ba a san da shi ba sai ranar da aka yi tuntuɓe da shi. Lokacin da Amurka ta keɓe Yellowstone a matsayin gandun daji a 1872, babu wanda ya san cewa a cikin tafasassun maɓuɓɓuganta akwai wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, wadda masanin kimiyya Thomas Brock ya gano a shekarun 1960, wadda kuma sinadarinta mai jure zafi ya zama ginshiƙin gwajin PCR da duniya ta dogara da shi lokacin annobar korona. Ba kowane daji ne zai ba da irin wannan ba, amma wanda aka share ya tafi da abin da ke cikinsa ba tare da an taɓa sanin mene ne ba.

Gwamnatocin duniya ba su jahilci wannan ba, shaidar kuwa ita ce yawan alkawuran da suka sa wa hannu. A taron Rio de Janeiro na 1992 aka samar da yarjejeniyar kare nau'o'in halittu. A 2010, a Japan, aka tsara muradu 20 da ake kira muradun Aichi, aka ba su wa'adin shekara goma, kuma da wa'adin ya cika a 2020 rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna ko ɗaya ba a cimma gaba ɗayansa ba. Ana cikin haka IPBES ya fitar da rahotonsa na 2019, wanda ya ce nau'o'in dabbobi da tsirrai kusan miliyan ɗaya suna fuskantar barazanar ƙarewa. A watan Disamba na 2022 ƙasashe kusan 190 suka sake haɗuwa a Montreal, suka yi alkawarin kare kashi 30 cikin 100 na tudu da teku kafin 2030, da tara aƙalla dala biliyan 200 a kowace shekara daga dukkan kafofi, da kuma cewa ƙasashe masu arziki za su riƙa ba masu tasowa dala biliyan 20 a shekara zuwa 2025, su ƙara zuwa biliyan 30 a 2030. Da aka je Cali ta Kolombiya a 2024 domin a daddale yadda kuɗin za su fito, sai aka kwana ana jayayya har wakilai suka fara tafiya kama jirgi, waɗanda suka rage ba su isa yanke hukunci ba, dole aka ɗage zaman zuwa birnin Rom a watan Fabrairun 2025. Dala biliyan 200 kuɗi ne masu yawa a kunne, amma ba su kai kashi ɗaya cikin goma na dala tiriliyan 2.4 da duniya ta kashe wa sojoji da makamai a 2023 ba.

Abin da ya fi damuna a alkawarin kashi 30 cikin 100 shi ne sauƙin cika shi a kan takarda. Zana layi a taswira a kira wuri gandun daji ba ya cin kuɗi, kuma minista yana iya tafiya taro da taswirar ya sha tafi. Abin da ke cin kuɗi shi ne albashin mai gadin daji a ƙarshen kowane wata, da man mota, da gyaran rediyo, da hanyar sintiri da ruwa ke cinyewa duk damina, da lauyan da zai bi shari'ar mai fataucin hauren giwa har a yanke hukunci. Wani nazari da aka wallafa a 2018 a kan gandayen daji kusan 280 na Afirka da zakuna ke rayuwa a cikinsu ya gano cewa suna buƙatar tsakanin dala biliyan 1.2 da 2.4 a shekara, amma abin da suke samu bai kai dala miliyan 400 ba, kuma kusan tara cikin goma ba su da isassun kuɗi. Gandun da ba shi da mai gadi filin kowa ne, kuma a wurare da dama ya zama mafakar masu sarar katako da masu haƙar zinariya da 'yan bindiga, har ya koma matsalar tsaro da za ta ci ninkin abin da aka ƙi kashewa tun farko.

Za a ce ai yawon buɗe ido yana iya ciyar da daji. Yana iyawa a 'yan wurare. Ruwanda ta gina sana'a mai ƙarfi a kan gwaggon birin tsauni, wanda yawansa a Ruwanda da Yuganda da Kwango ya haura dubu ɗaya bayan an taɓa fitar da rai da shi. Sai dai a 2020, da korona ta rufe filayen jiragen sama, kuɗin baƙi suka tsaya cik cikin 'yan makonni, alhali mafarauta ba su tafi hutu ba. Bayan haka, baƙo yana biyan kuɗi ne ya ga giwa da zaki da karkanda. Fadamar da ke cike da sauro, da busasshen dajin ƙaya, da ƙasan teku inda kifi ke zuba ƙwai, ba su da mai zuwa kallonsu, ko da yake sau da yawa su ne suka fi yi wa ɗan Adam aiki. Idan aka ce kowane daji ya ciyar da kansa, to an yanke wa mafi yawansu hukuncin kisa.

Kuɗin agaji kuma suna da tasu ɗabi'ar. Sukan zo ne da sunan shiri na shekara uku ko biyar, su sayi motoci, su gina ofis, su shirya taron bita a otal, amma da wuya su yarda su ɗauki albashin dindindin, domin mai bayarwa yana son abin da zai nuna a rahoto. Idan shirin ya ƙare, motar takan kwanta don rashin taya. Suna kuma bin iskar siyasar da ba ta da alaƙa da dajin. Asusun kare dajin Amazon na Burazil, wanda aka kafa a 2008 kuma Norway ta fi kowa zuba masa kuɗi, ya tsaya a 2019 saboda saɓani da gwamnatin Burazil ta lokacin, bai farfaɗo ba sai 2023. A 2025 Amurka ta rusa hukumarta ta ba da agaji, USAID, wadda ta daɗe tana cikin manyan masu tallafa wa dazuzzukan yankin Kwango. Bishiyar da ke buƙatar shekara tamanin kafin ta girma ba za ta dogara da kuɗin da zaɓen wata ƙasa ke iya tsinkewa ba.

Wannan ba ya nufin ƙasashe masu arziki sun sauke nauyi. Su ne suka fara share nasu dazuzzukan suka yi arziki, kuma kasuwanninsu ne suke sayen katako da manja da waken soya da naman da ake sare dajin wasu domin samarwa. Dala biliyan 30 da suka yi alkawari na fi ɗaukarta biyan bashi a kan sadaka, kuma ya kamata a riƙa bin su ita ba tare da jin kunya ba. Haka ma dabarar yafe wani ɓangare na bashi domin a kashe rarar a kan muhalli, wadda aka fara da Bolibiya a 1987, aka kuma yi da Belize a 2021 da Ekwado a 2023, tana da amfani gwargwado. Amma duk waɗannan ƙari ne. Ƙasar da ba ta biyan masu gadin dajinta daga aljihunta ta miƙa wa wasu ikon yanke shawarar abin da za a tsare da abin da za a bari, kuma ranar da suka juya baya ba ta da ta cewa.

Ina kuɗin za su fito? A nan ne nake ganin muhawarar ta fi karkacewa, domin ana yin ta kamar sai an rage wa asibiti za a ƙara wa daji. Gaskiyar ita ce gwamnatoci sun riga suna kashe kuɗi masu yawa a kan dazuzzuka da tekuna, sai dai wajen lalata su suke kashewa. Ana ba manyan jiragen kamun kifi tallafin mai domin su je inda da kuɗinsu ba za su iya zuwa ba, ana ba da rance mai rangwame ga wanda zai share daji ya zuba shanu, ana yafe haraji ga kamfanin da zai busar da fadama. Ma'aikata ɗaya tana biyan mai gadi, wata ma'aikatar tana biyan mai gatari, tufka da warwara da kuɗin mutum ɗaya, wato mai biyan haraji. Ƙasashen da suka hallara a Montreal da kansu sun amince su rage irin wannan tallafi mai cutarwa da aƙalla dala biliyan 500 a shekara kafin 2030, wato ninki biyu da rabi na abin da suka ce za su tara domin kariya. A fannin kifi kaɗai, masu bincike sun ƙiyasta tallafin gwamnatoci a 2018 ya kai dala biliyan 35, kuma kusan biliyan 22 daga ciki irin wanda ke ƙara ƙarfin kamu ne fiye da abin da teku zai iya mayarwa. Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta shafe shekara ashirin tana tattaunawa kafin ta cimma yarjejeniyar taƙaita wani sashe nasa a 2022.

Kanada ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya. Gaɓar Newfoundland ta yi ɗaruruwan shekaru tana ciyar da jama'a da kifin kod, gwamnati ta taimaka aka faɗaɗa jirage da masana'antun sarrafa kifi, masu ƙananan kwale-kwale suna ta kukan cewa kifi yana raguwa ba a saurare su ba, har a watan Yulin 1992 aka wayi gari dole a hana kamun gaba ɗaya. Mutane kusan 30,000 suka rasa sana'a a lokaci guda, gwamnatin da ta biya kuɗin kwashe kifin ta koma tana biyan kuɗin tallafa wa waɗanda suka rasa aiki, kuma sai a 2024 aka sake buɗe kamun kasuwanci, da ɗan kaso kaɗan na abin da ake kamawa a da. Ya kamata dai a yi hattara wajen cire tallafi, domin sunan ɗaya ne amma masu cin gajiyar sun bambanta. Abin da ke hannun mai ƙaramar gona da mai koma ɗaya ba shi ne matsalar ba, kuma gwamnatin da ta fara da su ta ƙyale manyan kamfanoni za ta tayar da fitinar da za ta shafe gyaran baki ɗaya.

Masu shakka sukan ce ko an zuba kuɗin ba sa aiki. Tarihi bai goyi bayansu ba. A 2004 an sare kusan murabba'in kilomita 28,000 na dajin Amazon a Burazil cikin shekara guda. Gwamnati ta sa tauraron ɗan Adam yana sa ido, ta tura jami'ai, ta ci tara, ta hana masu karya doka rancen banki, zuwa 2012 adadin ya sauko ƙasa da 5,000. Da aka sassauta, aka rage wa hukumomin kuɗi da ƙarfi, ya sake haura 13,000 a 2021, sannan ya sake sauka bayan an dawo da sa ido. Indiya ta ƙaddamar da shirin kare damisarta mai ratsi a 1973 da kuɗin gwamnati, kuma ƙidayar da ta nuna 1,411 a 2006 ta nuna fiye da 3,600 a 2022. Raƙuman dawan yankin Kouré a Nijar, waɗanda suka rage 49 kacal a 1996, sun haura 600. Darasin Burazil ne ya fi muhimmanci a cikinsu, domin ya nuna cewa wannan ba aiki ne da ake gamawa a yanke ƙyalle a tafi ba. Shekarar da aka daina biya, shekarar ake fara asara.

Akwai wata suka da na fi ɗauka da muhimmanci a kan duk waɗanda suka gabata, ita ce ta mutanen da ke zaune a bakin daji. Duniya ce take cin moriyar giwa, amma manomi ɗaya ne yake wayar gari ya tarar ta tattake masa gonar shekara a dare guda, makiyayi ɗaya ne zaki yake kashe wa saniya. Idan kuɗin baƙi suna tafiya babban birni da asusun kamfanonin yawon buɗe ido, shi kuwa aka bar shi da asara da barazanar ɗauri in ya rama, to an yi kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tarihin gandayen daji yana da tabo a nan. Lokacin da Yuganda ta mayar da Bwindi da Mgahinga gandayen ƙasa a 1991, an fitar da al'ummar Batwa daga dajin da kakanninsu suka rayu a ciki, akasarinsu ba tare da diyya ba, kuma sai a 2021 kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke cewa an zalunce su. Irin wannan kariya ba ta da hujja a ɗabi'a, ba ta kuma ɗorewa, domin babu adadin masu gadin da zai iya tsare daji daga maƙwabtan da suka tsane shi. Amma wannan suka, in aka bi ta zuwa ƙarshe, ƙarin kuɗin gwamnati take nema. Diyyar gona da ta dabba da ake biya cikin makonni, da shinge, da kason kuɗin shiga kamar kashi 10 cikin 100 da Ruwanda ke ware wa ƙauyukan da ke kewaye da gandayenta, duk kuɗi ne. Namibiya ta je nesa da haka, inda dokar 1996 ta ba al'ummomin karkara ikon kula da namun dajin yankunansu da cin moriyarsu, har irin waɗannan yankuna suka haura 80, suka mamaye kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar.

Su ma masu gadin dajin ba a cika tunawa da su ba. A gandun Virunga na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, wanda aka kafa a 1925, an kashe ma'aikata fiye da 200 a bakin aiki. Wanda aka ba tsohuwar bindiga aka tura ya tari masu muggan makamai, albashinsa yana makara, iyalinsa ba su da tabbacin komai in ya faɗi, bai kamata a yi mamaki ba in ya kau da kai ranar da mai fataucin haure ya miƙa masa abin da ya fi albashinsa na shekara.

Maganar sata da almubazzaranci gaskiya ce, kuma ba zan tsaya a kanta da yawa ba, domin ana sace kuɗin lafiya ma amma babu mai cewa a rufe asibitoci. Wannan fanni yana da wata fa'ida da wasu ba su da ita: sakamakonsa yana ƙirguwa. Ana ƙidaya giwaye daga jirgin sama, hoton tauraron ɗan Adam yana nuna kowace kadadar da aka sare, kuma duk mai intanet yana iya dubawa. Majalisar da ta ga dama tana iya ɗaura sakin kuɗi da wallafa ƙidayar dabbobi da jerin albashin da aka biya, ta kuma kira shugaban hukuma ya yi bayani idan alƙaluman suka saɓa.

Saura yadda za a hana alƙalamin zaftarewa komawa kan wannan kaso duk shekarar da aka shiga matsi. Ƙasashen da suka yi nasara sun ɗaure kuɗin da doka, suka haɗa su da wata kafar shiga takamaimiya. Kosta Rika, wadda dajinta ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar a shekarun 1980, ta yi dokar daji a 1996, ta ware kashi 3.5 cikin 100 na harajin man fetur tana biyan masu filaye domin su bar bishiyoyi a tsaye, ta kuma daina ƙarfafa share daji don kiwon shanu. Yau daji ya rufe fiye da rabin ƙasar. Amurka ta yi makamancin haka tun 1937 da dokar Pittman-Robertson, wadda ta mayar da harajin bindigogi da harsasai asusun farfaɗo da namun daji, ta kuma gindaya wa jihohi sharaɗin cewa ba za su taɓa kuɗin lasisin farauta su yi wani aiki da su ba in suna son kasonsu. Ma'aikatun kuɗi ba sa son irin wannan ɗauri, kuma suna da hujja, domin yana rage musu damar juya kasafi, sannan kafar da aka dogara da ita tana iya ƙafewa, kamar yadda harajin fetur zai riƙa raguwa idan motoci masu lantarki suka yawaita. Duk da haka na fi amincewa da shi a kan alherin kowace sabuwar gwamnati.

Sai dai ɗaurin ma yana buƙatar kulli mai ƙarfi. A 1964 majalisar Amurka ta kafa asusun kare filaye da ruwaye, daga baya aka tsara zai riƙa samun har dala miliyan 900 a shekara daga kuɗin haƙar mai da iskar gas a teku, bisa tunanin cewa abin da aka samu daga dukiyar da ke ƙarewa a zuba shi a wadda za ta dawwama. Amma dokar ta bar wa majalisa ikon yanke adadin da za a saki a kowace shekara, don haka a mafi yawan shekaru aka riƙa sakin wani ɓangare ana karkatar da sauran zuwa wasu ayyuka, har sai da aka yi sabuwar doka a 2020 wadda ta wajabta sakin kuɗin cikakku. Duk majalisar da ke shirin kafa irin wannan asusu a yau ya kamata ta rubuta sashen da ya haramta karkatar da kuɗin, da wanda ya wajabta sakinsu a kan lokaci, a cikin dokar farko.